Cocin Barok a Palma: wanne za ka shiga, me kuma za ka duba?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Zariya ya rubuto cewa zai kai wa ƙaninsa ziyara a birnin Palma da ke tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, kuma wuni guda kawai yake da shi na zaga gari. An ce masa kada ya baro garin bai ga tsohon cocin nan mai salon Barok ba. Yana son sanin wane coci ake nufi, me ake kallo a ciki, kuma a matsayinsa na Musulmi yaya zai yi kada ya ɓata wa masu wurin rai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka iske ƙanin naka cikin alheri.

Wanda ya ba ka shawarar bai faɗi sunan cocin ba, kuma ban ga laifinsa ba, don tsohon garin Palma kusan kowane lungu da cocinsa. Ni guda biyu zan tura ka: Sant Francesc da Monti-sion. Tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. In lokaci ya ƙure har ya zama ɗaya kaɗai za ka shiga, to ka shiga Sant Francesc, domin shi aka tsara wa baƙi, ana yankar tikiti a shiga ta farfajiyarsa. Monti-sion kuwa ko a rufe ka same shi ba ka yi asara ba, don abin da ya fi kyau a jikinsa yana waje, a bakin titi, ba ko sisi. Sunayen nan na harshen Katalan ne, shi ne kuma za ka gani a allunan tituna. Taswirar waya tana iya nuna maka San Francisco da Montesión da Sifaniyanci, duk wuraren nan ne dai.

Na san ƙanin naka La Seu zai fara kai ka, wato babban cocin nan da ke fuskantar teku, wanda hotonsa ke kan kowace takardar tallan garin. Ka je, ya isa a gani, tsayin rufinsa daga ciki ya kai mita 44. Sai dai ba Barok ba ne, salon Gotik ne, wanda ya girmi Barok da ɗaruruwan shekaru. An gina shi a gurbin babban masallacin garin bayan Sarki Jaume na ɗaya na Aragon ya ƙwace birnin daga hannun Musulmi a ranar ƙarshe ta shekarar 1229, ba a kuma gama babbar ƙofarsa ba sai 1601. Na ambace shi ne don idonka ya samu abin gwadawa.

Abin da nake son ka riƙe tun kafin ka fita daga gida shi ne, a Palma mafi kyawun aikin Barok ɗora shi aka yi a kan gine-ginen da suka riga shi. Ƙofa ce sabuwa a jikin tsohon bango, ko katafaren allon zinare a ƙuryar ɗakin da aka gina shekara ɗari huɗu kafin a sassaƙa allon. Wanda ya shiga yana zaton komai aikin zamani ɗaya ne, zai fito yana cewa wuri ne mai kyau da duhu, shi ke nan. Daɗin ziyarar yana wajen rarrabe wane ɓangare ne na wane zamani, da kuma tambayar me ya sa mutanen wancan lokacin suka ga tsohon ginin bai ishe su ba.

Amsar wannan tambaya tana cikin rigimar da ta raba Kiristocin Turai biyu. Daga 1517, lokacin da Martin Luther ya fito yana sukar shugabannin cocin Katolika, sai aka samu ɓangaren Furotesta, kuma a garuruwa da yawa na arewacin Turai mabiya wannan ɓangare suka kwashe hotuna da mutum-mutumi daga wuraren ibada, wasu ma suka farfasa su. Cocin Katolika ya kira babban taro a garin Trento da ke arewacin Italiya, aka yi ta zama ana tashi daga 1545 har 1563. A zaman ƙarshe aka yanke cewa hotunan za su ci gaba da zama a coci, kuma aikinsu shi ne su koyar da wanda bai iya karatu ba, su kuma motsa zuciyarsa. Daga nan magina da masassaƙa suka samu lasisi. Abin da ya biyo baya, daga birnin Rum ya bazu zuwa Sifaniya da ƙasashen da take mulka, shi ake kira Barok. Gini ne da aka yi don ya rinjaye ka. Ba ya jiran ka yi tunani, so yake ya kama idonka tun daga bakin ƙofa ya ja ka har gaban bagade, wato teburin da limamin coci ke tsayawa a gabansa ya jagoranci ibada.

Gane shi ba wuya. Ginshiƙi maimakon ya miƙe sai ya murɗe. Layin da ke saman ƙofa maimakon ya haɗe sai a karya shi a tsakiya a cusa wani mutum-mutumi a gurbin. Tufafin waliyyai kamar iska na kaɗa su, fuskokinsu a ɗage, hannuwa a buɗe. Ganyaye da 'ya'yan itace da kawunan jarirai masu fukafukai sun cike duk wani sarari. Gotik, irin na La Seu, ƙashin ginin yake nuna maka: ginshiƙai sirara, bakuna masu tsini, gilasai masu launi, ido na hawa sama. Barok ɓoye ƙashin yake yi, ya tura idonka gaba.

To mu je Sant Francesc. Kafin ka shiga, tsaya a dandalin da ke gabansa ka ja da baya iyakar yadda za ka iya. Za ka ga wani makeken bango fili, launin ƙasa-ƙasa, ba komai a jikinsa sai taga zagayayya a sama, sannan duk adon an tattara shi a ƙofa. Kai da ka fito daga Zariya wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka, haka maginanmu ke barin katanga fili su zuba gwanintarsu a bakin zaure. An fara ginin cocin a 1281 domin 'yan ɗariƙar Faransis na Assisi. A 1580 tsawa ta faɗa wa fuskar ginin ta lalata ta, aka daɗe ana gyara, har zuwa wajen 1700 da Francisco de Herrera, masassaƙin da ya koyo aiki a Italiya, ya kammala ƙofar da kake kallo. Dutsen bangon shi ne wanda mutanen tsibirin ke kira marès, dutse ne na yashi mai laushi, yana yankuwa cikin sauƙi, iskar teku kuma tana cin sa. Shi ya sa za ka ga wasu fuskoki sun lashe. Da la'asar, in rana ta karkata, launinsa na komawa kamar zuma.

A saman ƙofar, a tsakiya, Nana Maryamu ce. Siffar da aka yi mata tana wakiltar wata aƙidar Katolika da baƙi da yawa ke rikitawa da haihuwar Annabi Isa ba uba. Abin da ake nufi daban ne: cewa ita kanta Maryamu, tun da aka ɗauki cikinta, ba ta gaji zunubin asali da Kiristoci suka yi imani kowane ɗan Adam na gada ba. Sai a 1854 Fafaroma ya ayyana wannan a matsayin aƙidar dole, amma Sifaniyawa da 'yan ɗariƙar Faransis sun shafe ƙarnuka suna kare ta, don haka za ka yi ta cin karo da wannan siffa a garin. Sau da yawa ana zana ta tsaye a kan jinjirin wata da taurari goma sha biyu kewaye da kanta. Na taɓa jin Musulmi sun ɗauka an yi haka ne don a taka alamar Musulunci. Asalin siffar daga babi na 12 na littafin Wahayin Yahaya ne a cikin Baibul, wanda ya girmi Musulunci. Amma gaskiya ne cewa bayan yaƙin ruwa na Lepanto a 1571, da rundunar Kiristoci ta ci ta Daular Usmaniyya ta Turkiyya, akwai waɗanda suka riƙa karanta watan da waccan ma'ana ta biyu.

Can sama da Maryamu za ka ga mahayin doki yana sukan dodo da mashi. Waliyyi Jordi ke nan, wanda wasu ke kira Jorge. Zamansa a nan ba ado kawai ba ne. A labarin cin garin da Sarki Jaume da kansa ya bari, an ce an ga wani farin mahayi ya riga kowa kutsawa cikin birnin, sarkin kuma ya ce ai wannan waliyyin ne. Wato ƙofar tana tuna wa mai shiga wa ya ci yaƙin 1229.

Mutum-mutumin tagulla da ke dandalin, na wani fada, wato limamin coci, tare da yaro ɗan asalin Amurka, Junípero Serra ne. An haife shi a ƙauyen Petra na tsibirin a 1713, ya zauna a wannan gidan ibada yana koyarwa, ya tafi Meziko a 1749, daga baya ya kafa tashoshin mishan a Kalifoniya, na farko a San Diego a 1769. Fafaroma Francis ya naɗa shi waliyyi a 2015, 'yan asalin Kalifoniya da yawa kuma suka yi tir da naɗin saboda abin da kakanninsu suka sha a waɗannan tashoshi. A 2020 an shafa wa mutum-mutumin jan fenti.

Ta farfajiya ake shiga, kuma kada ka yi sauri a nan duk da ba Barok ba ce. Fili ne mai kusurwa huɗu da rijiya a tsakiya, kewaye da baranda mai siraran ginshiƙai na Gotik. Ka duba ƙasa da jikin bango, duwatsun kaburburan manyan gidajen garin ne. Wani sashe na ginin makaranta ce har yau, don haka kana iya jin hayaniyar yara.

In ka shiga cikin cocin, duhu zai fara tarbar ka. Kada ka ciro waya. Koma can baya wajen babbar ƙofa, ka tsaya minti biyu ko uku har idonka ya saba. Ɗaki ne guda dogo, ba ginshiƙai a tsakiya, da ƙananan ɗakunan addu'a jere a hagu da dama. Rufin Gotik ne. Amma a ƙurya, bayan bagade, wani abu zai fara ƙyalli yana fitowa daga duhun a hankali. Wannan shi ne retablo, katafaren allon da ke cike bangon gaba, na nan kuma an yi shi a 1739. Shi ne dalilin zuwanka.

Mutane da yawa na zaton zinare ne zalla, ko dutse. Katako ne. Masassaƙi ya fara fitar da siffa, sannan wani gwani daban ya karɓa: ya shafa danƙon da aka dafa daga fatar dabba, ya bi da farar ƙasa shafi bayan shafi yana gogewa, ya ɗora jan yumɓu mai laushi, sannan ya manna ganyen zinare, wanda aka buga ya yi siririn da numfashi ma na iya ɗauke shi. Daga ƙarshe a goge da dutse mai santsi har ya yi sheƙi. In ka matsa kusa, a wuraren da hannu ko shekaru suka cinye zinaren za ka hango jan yumɓun a ƙasa. A tufafin mutum-mutumin kuwa akwai wata dabara: bayan an sa zinaren sai a rufe shi da fenti, sannan a kankare fentin da tsinke a fitar da zanen furanni, zinaren ya leƙo ta ƙasa kamar saƙar zare. Sau da yawa kuɗin shafa zinaren kan kai na sassaƙar ko ya fi, shi ya sa a Sifaniya wani allon kan shekara da shekaru yana farin katako kafin a tara abin da za a gama shi.

Ka kuma tuna ba don fitilar lantarki aka yi shi ba. Don kyandir aka yi. Harshen wuta na rawa, zinaren na amsawa, sai allon duka ya zama kamar yana motsi. Fitilar zamani tana daskarar da shi. Abin da zai ɗan maido maka da wannan shi ne ka taka a hankali ta tsakiya kana kallonsa, ka ga yadda hasken ke sauya wuri da kowane taku. In ka iso gaba, ka koma gefe guda ka kalle shi a karkace, sai ka gane ba allo ne shimfiɗaɗɗe ba, yana da zurfi, wani wuri ya turo wani ya shige. Ana karanta shi daga ƙasa zuwa sama, kuma layin tsakiya ya fi na gefe daraja. A ƙololuwa za ka sake haɗuwa da mahayin dokin nan.

Zagaya bayan allon, akwai hanya. A ɗaya daga cikin ɗakunan da ke can, a sama jikin bango, kabarin Ramon Llull yake, aikin Francesc Sagrera na 1487. Ba a gama shi ba, gurabun da aka tanada don mutum-mutumi a ƙasansa har yau wayam suke. Llull ɗan Palma ne, an haife shi 'yan shekaru kaɗan bayan cin garin, ya rasu wajen 1316. Ya sa wa ransa cewa da hujjar hankali za a jawo Musulmi zuwa Kiristanci, ba da takobi kaɗai ba. Don haka ya sayi bawa Musulmi ya shekara tara yana koyon Larabci a wurinsa, zaman da ya ƙare da faɗa, aka kulle bawan, ya rataye kansa a kurkuku. Llull ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Katalan da Latin, ya kafa makarantar koyon Larabci a Miramar da ke tsibirin a 1276, ya je Tunis da Bijaya a arewacin Afirka yana neman muƙabala da malamai, a Bijaya ma har ɗaure shi aka yi. Ko me mutum zai ce game da manufarsa, yana cikin Turawan farko da suka ɗauki ilimin Musulmi da muhimmancin da ya sa suka zauna suka koyi harshen.

Daga nan sai ka gangara ta lungunan da ke kudu zuwa Monti-sion. Unguwar da kake ratsawa ita ce tsohuwar unguwar Yahudawa, ana kiranta Call. A nan Cresques Abraham ya zauna, wanda ake danganta wa shahararriyar taswirar nan ta 1375 da ta nuna Mansa Musa na Mali zaune a karaga riƙe da curin zinare, da Tumbuktu da Gao a kusa da shi. Taswirar tana babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris, amma akwai mutum-mutumin ɗansa Jafudà a unguwar. A wancan zamani zinaren da ke yawo a Bahar Rum ta hamada yake ketarowa daga Afirka ta Yamma, 'yan kasuwar Mayorka kuma suna da wakilai a tashoshin jiragen ruwa na arewacin Afirka, shi ya sa suka san waɗannan garuruwa. Zuwa lokacin da aka shafa wa allon Sant Francesc nasa zinaren, arzikin Sifaniya daga nahiyar Amurka yake zuwa, kuma a ma'adinan zinare na ƙasar da yau ake kira Kolombiya bayi 'yan Afirka ne ke haƙa.

Titin Monti-sion matsattse ne, ba ka da inda za ka ja da baya sosai, ƙofar sai dai ta faɗo maka kwatsam. 'Yan ƙungiyar Jeswit ta limaman Katolika, wadda Ignatius na Loyola ya kafa aka amince da ita a 1540, sun iso Palma a 1561 suka buɗe makaranta. An fara cocin a 1571, ƙofar kuma tana ɗauke da shekarar 1683. A ganina ta fi ta Sant Francesc ƙarfin hali. Retablo ne sukutum aka fitar waje aka sassaƙa da dutse: murɗaɗɗun ginshiƙai da ganyaye suka nannaɗe, Ignatius a gefe guda, Francis Xavier da ya kai mishan Indiya da Japan a ɗaya gefen, Maryamu a sama, da tambarin Ramon de Verí, attajirin da ya zuba dukiyarsa a ginin. Murɗaɗɗen ginshiƙin nan ya yi tashe ne bayan masassaƙin Italiya Bernini ya yi amfani da shi a rumfar tagulla ta cocin Waliyyi Bitrus a Rum, wadda aka gama a farkon shekarun 1630. Ka ga ke nan wajen shekara hamsin salon ya ɗauka kafin ya zauna daram a wannan lungu.

Mutumin da gidan ya fi alfahari da shi ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Mai gadin ƙofa ne. Alonso Rodríguez ɗan kasuwar ulu ne daga Segovia, kasuwa ta karye masa, matarsa da 'ya'yansa suka mutu, ya shiga ƙungiyar yana dab da shekara arba'in ba tare da ilimin da zai zama fada ba. Aka turo shi Palma a 1571, ya yi sama da shekara arba'in yana buɗe ƙofa yana rufewa, har ya rasu a 1617. A tsakanin 1605 da 1608 wani ɗalibi ɗan Kataloniya mai suna Pere Claver ya riƙa zama wurinsa yana neman shawara, tsohon ya ce masa ya tafi nahiyar Amurka. Claver ya tafi a 1610, ya ƙare rayuwarsa a Cartagena da ke Kolombiya ta yau, tashar da jiragen bayi ke sauke mutanen da aka kwaso galibi daga Angola da Kongo da gaɓar Gini. Yakan shiga cikin jiragen da ruwa da abinci da magani, ya yi jinyar marasa lafiya, ya yi musu baftisma, har ya rasu a 1654. Bai yaƙi cinikin bayin kansa ba, tafintocin da yake aiki da su ma bayi ne mallakar gidan Jeswit na can. An naɗa shi waliyyi rana ɗaya da mai gadin a 1888. In sunan ya yi maka kama da wanda ka sani, babban cocin Katolika na Kafanchan sunansa yake ɗauke da shi, Peter Claver.

Akwai wani ɓangaren tarihin wurin da ƙofar ba za ta faɗa maka ba. Filin da cocin ke kai babbar majami'ar Yahudawan garin ce, aka ƙwace ta a farkon ƙarni na 14. A 1391 aka far wa unguwar aka kashe mutane da yawa, a 1435 kuma waɗanda suka rage suka karɓi baftisma don su tsira. Jikokinsu ba su tsira ba. A 1691, shekara takwas kacal bayan gama wannan ƙofa, kotun binciken aƙida ta cocin Katolika ta yanke wa mutum 37 daga cikinsu hukuncin kisa bisa zargin suna bin addinin kakanninsu a ɓoye, uku aka ƙone su da rai. Shugaban makarantar Monti-sion na lokacin, Francesc Garau, ya rubuta littafi yana murnar abin. Zuriyar waɗannan gidaje, da ake kira Xuetes, an ci gaba da ƙyamar aure da su har cikin ƙarni na 20. Ka zagaya ta siririn lungun da ke gefen cocin, Carrer del Vent, ka duba manyan duwatsun da ke gindin bango. Ana cewa ragowar majami'ar ce, kuma wani lokaci za ka ga 'yan takardu a cuse cikin tsagoginsu, baƙi Yahudawa ne ke barin addu'o'insu. Ni ina ganin wanda ya kalli ƙofar bai shiga lungun nan ba, rabin ginin ya gani. Su ma Jeswit ɗin ba su dawwama ba, Sarki Carlos na uku ya kore su daga duk ƙasar Sifaniya a 1767, sai daga baya suka dawo.

Batun shigar Musulmi coci don kallo, malaman fiƙihu sun yi saɓani a kai, musamman inda akwai hotuna da mutum-mutumi, don haka ka tuntuɓi malamin da ka amince da shi kafin tafiya. In zuciyarka ba ta kwanta da shiga ba, ƙofofin biyu da lungun da farfajiyar sun ishe ka wuni mai amfani. Ta ɓangaren masu wurin kuwa, ba wanda zai tambaye ka addininka. Ba a cire takalmi. Al'adarsu namiji ya cire hula a ciki, mace kuwa da mayafinta ba matsala, kuma kaftani ya wadatar da abin da suke nema na rufe kafaɗa da gwiwa. Kwanon ruwan da ke bakin ƙofa na masu ibada ne, wuce shi kawai. Za ka ga wasu na durƙusawa da gwiwa ɗaya in sun zo daidai wata 'yar jar fitila, wurin da suke ajiye gurasar da suka tsarkake ke nan, kuma ba a sa ran baƙo ya yi haka. Kada ka hau dandamalin bagade, kada ka zauna cikin akwatunan katakon nan masu labule da ke jikin bango don hutawa, wurin furta zunubi ne. In ka iske ana ibadar Mas, ko dai ka zauna a baya shiru ba hoto, ko ka fita ka dawo. In suka tashi suka yi layi zuwa gaba, kai zauna abinka.

Abu guda da kan girgiza mutanenmu shi ne gawa ko ƙasusuwa a cikin gilashi. Katolikan wancan zamani sun ɗauki ragowar jikin waliyyai da girma ƙwarai, salon Barok kuma ya fito da su fili. A cocin Santa Magdalena, wanda shi ma Barok ne, can ɓangaren arewa maso yammacin tsohon garin, gawar Catalina Tomàs da ta rasu a 1574 tana kwance a akwatin gilashi kowa na gani. Gara ka sani tun yanzu.

Ƙananan coci-cocin Palma da yawa sukan rufe da tsakar rana, wasu ba sa buɗewa sai lokacin ibada, ranar Lahadi kuma ta masu ibada ce. Ka sa ƙanin naka ya bincika lokutan ranar da za ku je, musamman na Monti-sion. Da ni ne, Sant Francesc zan shiga da hantsi, in bi ta Monti-sion, in ƙarasa Banys Àrabs da ke titin Can Serra, 'yan mintoci kaɗan daga nan. Ɗakin wanka ne ƙarami mai ƙubba a kan ginshiƙai goma sha biyu, yana cikin 'yan abubuwan da suka rage na Madina Mayurƙa, sunan garin a shekaru sama da ɗari uku da Musulmi suka mulke shi tun daga 902. Sannan in dawo dandalin Sant Francesc da la'asar saboda hasken bangon. Don salla da abincin halal, unguwannin Pere Garau da Son Gotleu suna da ƙananan masallatai da mahauta Musulmi, kuma 'yan Najeriya na da yawa a Son Gotleu, wataƙila ma can ƙanin naka yake.

A kowane gidan burodi da ke kewayen cocin za ka ga wani naɗaɗɗen burodi mai garin sukari a kai, ensaïmada, wanda baƙi ke saye a manyan kwalaye su kai tsaraba. Da kitsen alade ake yin sa. Haka ma jan naman nan mai laushi da ake shafawa a burodi, sobrassada, alade ne. Akwai 'yan wuraren da ke yin ensaïmada da wani man daban, amma sai ka tambaya kafin ka saya.